Sanyin Ɗakin Inna Inde

Duk Madarumfa an san Mainasara da robar tayar keke. Maƙwabcina ne shekara ashirin, ban taɓa ganin ya kai wani abu wajen mai gyara ba. Amalanken jaki ya karye, roba. Bokiti ya tsage, roba. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai kamar jakinsa.

Da bazarar bara famfon tsakar gidansa ya fara ɗiga. Famfon yana jikin bangon ɗakin mahaifiyarsa, Inna Inde, ɗakin laka da marigayi mijinta ya gina da hannunsa. Matarsa Hasiya ta ce a kira mai gyaran famfo. Ya yi dariya, ya kama kan famfon ya murɗa da ƙarfin manomi har ƙarfen ya juya a cikin ƙasa, sannan ya naɗe shi da roba. Ɗigo ya tsaya cak.

Bayan sati biyu tsohuwa ta fara yabon ɗakinta. Gari yana ƙuna, ita kuwa tana barcin rana har da mayafi. Ta ce albarkar waliyyan da ke kwance a bakin tafki ce ta iso ta. Mata suka riƙa shiga shan sanyi. Ni ma na shiga gaishe ta, amma warin da na ji bai yi mini ba, warin ƙasa ne bayan ruwan farko, alhali ko hadari ba a gani ba. Tururuwa suna fita daga gindin bango ɗauke da ƙwayayensu. A bayan ɗakin ciyawa ta tsiro kore shar. Na faɗa wa Mainasara, ya ce ni dai ban iya ganin alheri in yi shiru ba. Na ji haushi, na kama bakina, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Ranar wata Laraba bayan azahar Hasiya ta kira ni da Mainasara ta nuna mana kontar ruwan, wato mitar da ke auna ruwan gidan. Famfo a rufe, allura tana juyawa. Mainasara ya tsuguna ya danna gindin bangon, yatsansa ya shige kamar cikin tuwo. Sai ƙasa ta fara zubowa daga sama, kaɗan kaɗan, a kan hularsa.

Tsohuwa tana ciki tana barci.

Ya shiga ya ce, "Inna, tashi mu hita."

"In tahi ina cikin ranar ga?" in ji ta. "Ɗakin ga ubanka ya gina shi, ba ni hita."

Ya sunkuce ta, tana dukan bayansa tana faɗa. Ko zaure ba su kai ba azara ta yi ƙara, bangon ya durƙusa, rufin ya sauka daidai kan gadonta.

Da ƙura ta lafa, ta daɗe tana kallon tulin ƙasar. Ba ta zage shi ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Mi ɗakin ya yi maka?"

An haƙa, an samu tiyo, bututun famfon, a tsage inda Mainasara ya murɗa shi. Mai gyara ya sa sabon famfo, a tsakiyar gida, nesa da kowane bango. Kwanan baya shi ma ya fara ɗiga, Hasiya ta ɗauko roba. Mainasara ya karɓe ta daga hannunta, ya tura tulu ƙarƙashin famfon.

"Bar shi ya ɗiga," ya ce. "Wanga ina ganin inda yake zuwa."