Buhun Gishirin da Muka Manta

"Ɗan Katsina, taɓa buhun nan ka ji."

Na taɓa, na ji kamar dutse.

A shagon Mma Adiza ne, a kasuwar unguwar Nima can ƙasar waje, cikin shekarun tamanin, ina yi mata dako. Duk Juma'a muna juya buhunan gishirinta, amma muka manta da na can ƙasa.

Ta ce, "Sabon buhu, yatsa yana shiga. In ya daɗe, sai sanda. Wannan kam sai guduma. Ba abin da aka yi masa, zama ne kawai. Kullum ƙwayoyin suna ƙara matsewa har motsi ya gagare su. Kai fa, yaushe za ka gida?"

"Baɗi, Mma."

"Bara ma haka ka ce."

Na ji haushi, amma ba ta yi ƙarya ba. Nima ba ta ɗaure ni ba, ciyar da ni ta yi.

Yau, bayan shekaru masu yawa ina nan Nima, na tarar gishirin ɗakina ya dunƙule. Na farfasa shi, na janyo jakata. Ko da guduma ne, bana sai na ga kabarin mahaifiyata.

Ku da ke nesa da gida, wa ke juya ku?