Ranar da Kalilu Ya Juya Waya

Duk wanda ya taɓa kai rediyo ko amsa-kuwwa gyara a kasuwar Arlit ya san Kalilu Ba'adare. Dogo ne, mai ɗan guntun gemu, kuma ba ya iya ganin an yabi aikin wani a gabansa ba tare da ya yi tsaki ba. Yana saurayi ya baro Tawa ya zo Akokan, kusa da Arlit, neman aikin ma'adinai, aka sa shi cikin masu jan wayar lantarki. A nan wani dattijo ɗan Togo ya koya masa naɗin amsa-kuwwa. Da aka rufe ramin Akokan, abokansa da yawa suka tattara suka koma gida, shi kuwa ya buɗe rumfa ya zauna.

Aikin nasa na masu haƙuri ne, abin mamaki ga mutum mai saurin fushi irinsa. Zai yanke tsohon faifan takarda na amsa-kuwwar, ya zaro zaren jan ƙarfen da ya ƙone, ya naɗa sabo a jikin 'yar takarda mai siffar bututu, zare siriri kamar gashi. Sai ya zura naɗin cikin ramin maganaɗisu ba tare da ya taɓa gefe ba, ya liƙa da faifan. In ya gama, sai ya ɗauko batirin tocila ya taɓa wayoyi biyu na naɗin, faifan ya yi tsalle waje. Ya juya batirin, faifan ya shige ciki.

"Kun gani?" in ji shi ga duk wanda ya tsaya kallo. "Wuta ta shiga zaren, maganaɗisu ya tura shi, ta juya ya janyo shi. Takarda ta bugi iska, iska ta bugi kunnenku. Babu aljani ciki, hannu ne kawai, kuma hannun ba kowa ke da shi ba."

Abin alfaharinsa a duniya shi ne wani ƙaton akwatin amsa-kuwwa da ya ƙera da allunan da aka zubar a ma'adinai. Mutane suka sa masa suna Giwa. Amastan, wani Buzu mai kiɗan gita da ake kira duk wani biki daga Arlit har Akokan, tun yana da baƙin gemu da Giwa yake wasa. In an ɗaura aure, za ka ga Kalilu zaune gefen akwatin, hannu ɗaya a kansa, yana kallon masu rawa kamar shi ke kiɗan. In aka ce wa Amastan gitarsa ta yi daɗi, Kalilu yakan karɓe rabin yabon ya tafi da shi gida.

Sai Nazifi ya zo. Mutumin Damagaram ne mai sayar da kayan wuta, fara'a kamar ya haɗiye ta. Ya shigo da wasu sababbin akwatuna daga Tamanraset, baƙaƙe sumul, masu fitilu da ke canza launi. Laifinsa ɗaya a wurin Kalilu: bai taɓa yi masa laifi ba. Kullum sai ya tsaya ya ce, "Baba Kalilu, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" Kalilu ya amsa da hanci. Ya ƙarfin jiki! Wa ya ce masa ba shi da lafiya?

Kishi ne, babu wani suna da za a ba shi. Matarsa Hansai ma ta faɗa masa haka a fili, ranar da ya dawo ya ƙi cin tuwo saboda ya hango Amastan a shagon Nazifi yana shafa sabon akwati.

"Malam, kai ka haifi Buzun nan? In ya shafa, mi ya ragu gare ka?"

"Ke ba ki san komi ba," in ji shi. "Roba ce da fitila. Ko naɗin cikinta inji ya yi."

Ana haka aka sa bikin ɗiyar wani direban babbar mota, wasa bayan la'asar a fili. Amastan ya zo rumfa da kansa, ya ɗan sassauta rawaninsa.

"Malam Kalilu, filin yana da girma. Ka kawo Giwa, Nazifi ma ya kawo nashi. Mu haɗa biyu, murya ya kai nesa."

Kalilu ya ce to. Yau biyu, gobe ɗaya, kuma ya san wanne za a bari.

Da yake shi ne babba, shi aka bar wa haɗa wayoyi. Ya jera akwatunan kafaɗa da kafaɗa, ya ja waya daga na'urar ƙara sauti. Nazifi ya tafi ɗauko kujeru. Kalilu ya durƙusa bayan sabon akwatin, jar waya a hannun dama, baƙa a hagu. Ya san abin da zai faru in ya musanya su: duk lokacin da Giwa ta tura iska, sabon zai ja ta, kaurin sautin ya mutu tsakaninsu. Lissafinsa mai sauƙi ne. In kiɗa ya lalace, wa za a kira? Shi. Zai taso a hankali, ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya zare wayar sabon akwatin, Giwa ta yi ruri ita kaɗai, kowa ya ga inda cutar take. Ya sa ja a gurbin baƙa, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

Aka fara. Mata sun yi da'ira, maza sun gyara rawuna. Amastan ya bugi gita, sautin ya fito siriri, babu ƙirji, kamar ana kiɗa cikin gwangwani. Masu tafi suka kalli juna. Uwar amarya ta ce wani abu da Buzanci, mata suka yi dariya. Kalilu ya fara tasowa, yana gyara wuyan riga, ba ya gaggawa, don yana so a ɗan ƙara jin kunyar.

Jinkirin nan ne ya kashe shi. Amastan bai kira kowa ba. Ya ajiye gitar, ya zagaya bayan akwatunan, ya miƙa hannu ya zare wayar Giwa. Ko tsayawa tunani bai yi ba. Ya dawo ya bugi gita, sauti ya cika filin har ƙasa na motsi. Ai ko wanne aka cire ɗayan zai warke, amma Kalilu kaɗai ya san haka a wurin. Aka yi guɗa, rawa ta kankama, fitilun Nazifi na ta canza launi.

Kalilu ya tsaya a tsaye, bai zauna ba bai matsa ba. Magana ɗaya za ta wanke Giwa: a mayar da wayarta, a cire ɗayan, a ji. Amma sai a tambaya me ya sa biyun suka ƙi juna, kuma kowa ya ga wanda ya durƙusa a baya.

Da aka ɗan huta, Amastan ya zo ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ka damu, abokina. Giwa ya yi aiki, ya tsufa kamar mu. Ka bar shi ya huta." Da gaske yake, har idonsa ya yi laushi, wannan ne ma ya fi ciwo.

Nazifi kuma ya zo ya kama wa Kalilu gefe ɗaya na Giwa, suka ɗora a amalanke. "Baba, in kana so in nemo maka sabon faifai daga Tamanraset," in ji shi.

Har yau Giwa tana rumfar Kalilu, an lulluɓe ta da tsohon bargo. Lafiyarta ƙalau, babu abin da ya same ta. Amastan yana tsayawa su gaisa in ya biyo ta kasuwa, amma bai ƙara cewa a kawo ta ba.