Jaridar Baba Firmin

Tun da na san Baba Firmin ban taɓa ganin ya karanta jarida ba, amma duk ƙauyenmu babu mai sayenta kamarsa. Ni ke sayar da burodi da jarida a bakin dandali, don haka ba labari aka ba ni ba. Sai ya shigo da sandarsa da warin tumakinsa, ya murza jaridar tsakanin yatsu kamar mai taya yadi, ya ce, "Wannan ta cika santsi, Maryse, ba za ta sha gumi ba. Ba ni mai kaushin." Ya biya, ya kai gida ya jera a bayan murhu don kada laima ta taɓa ta.

Makiyayi ne kamar ubansa. In zafi ya shigo ya haura dutse da garkensa, kafin ƙanƙara ta fara zuba ya sauko, matarsa Inna Odile kuma ta yi ta yin cuku da nonon tumakin. Keke kuwa sau ɗaya ya taɓa hawa, ya zarce cikin kwalbati, ya bar wa masu shi. Amma ranar da Zagaye zai bi ta kan dutsenmu, wato babban tseren keken nan na watan Yuli, ko gobara ake yi a gidansa sai ya hau dutsen.

Abin da ke kai shi shi ne miƙa jarida. Ɗan tsere in ya kai ƙololuwa sharkaf yake da gumi, ga doguwar gangara a gabansa, iska na yankan ƙirji. To tun zamanin kakanni 'yan kallo kan miƙa jarida, shi kuma ya fizga a guje ya cusa cikin riga ta tare masa sanyi. Uban Firmin ya miƙa, shi ma ya gada. A da, hannu ba ya daɗewa a miƙe. Yanzu kuwa kowace ƙungiya tana ajiye ma'aikatanta a can sama riƙe da 'yan riguna marasa nauyi, wa zai kalli tsohuwar jarida? Shekara da shekaru Baba Firmin na miƙa hannu ana wuce shi fuu, ya naɗe kayansa ya sauko, Inna Odile ta hura wuta da su duk hunturu.

Gaston mai gareji ba ya barinsa ya sha iska. "Baba mai jarida, bana ma labarin bara za ka kai musu?"

"Kai dai ji da tayoyinka, ɗan nema," in ji tsohon.

Ni abin haushi yake ba ni, don Gaston ɗin ko ruwa bai taɓa miƙa wa ɗan tsere ba.

Bana sai gwiwa ta ƙi. Likita ya ce hawan dutse ya ƙare, 'yarsu kuma ta kama musu gida a birnin Tarbes, da zarar an sauko da tumaki za a sayar da su. Baba Firmin bai ja ba. Abu ɗaya ya ce mini a kanti, murya ƙasa-ƙasa: "Mutum ɗaya, Maryse. Ɗaya tak ya karɓa daga hannuna, sai in tafi birnin nan da daɗin rai." Na ƙara masa burodi.

Ranar tsere na rufe kanti muka hau tare. An hana motoci tun da safe, sai ƙafa, muna tafe muna hutawa. Gaston, duk da bakinsa, shi ya ɗauki jakar jaridun. Hanya ta cika maƙil: an rubuce kwalta da farin fenti, ana gashin nama, 'yan ƙabilar Basque da rigunansu ruwan lemo suna ta waƙa. Motocin talla suka wuce suna watso huluna da alewa, Inna Odile da tsufanta ta bangaje wani ƙato ta cafe hula. Muna isa sama hazo ya sauko, sanyi ya taso har haƙora na haɗuwa. Kowa na tsaki, Baba Firmin kuwa ya washe baki.

"Yau ranar jarida ce," ya ce.

Can muka ji jirgi mai saukar ungulu, sannan ihu ya yi ta hauro dutsen har ya iso mu. Na gaba suka ɓullo daga cikin hazo, fuska a yamutse, baki buɗe. Baba Firmin ya miƙa hannu iya tsawonsa. Suka fizgi rigunansu daga ma'aikata suka faɗa gangara. Babban ayari ya zo ya wuce. Na baya ma, ƙattin nan da ƙarfinsu a shimfiɗaɗɗiyar hanya yake, suka zo suna nishi suka wuce. Bai sauke hannun ba sai da ma'aikatan suka tattara suka shige motocinsu.

Ni dai zuciyata ta karye, na juya ina gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Baba Firmin ya mayar da jaridun jaka ya ɗaure.

"Zo ka zauna, tsohona," in ji Inna Odile. "Tun safe ba ka sa komai a cikinka ba. Ungo, kwance mana wannan." Ta miƙa masa wani ƙunshi, rabin curin cukunta ne ta naɗe a jarida.

Yana karɓa ihu ya sake tashi daga ƙasa. Ashe akwai saura. Wani dogon saurayi ne shi kaɗai, gwiwar hannu duk jini, motar kwashe waɗanda suka gaza na bin sa a hankali. Leɓensa ya yi shuɗi don sanyi. Ya duba inda ma'aikata suke tsayawa, wayam. Sai ya saki hannu ɗaya ya daki ƙirji.

"Takarda! Don Allah, wa ke da takarda?"

Na rantse ban san inda Baba Firmin ya ajiye ciwon gwiwar ba. Ya yar da sanda, ya ruga gefen keken kamar ɗan shekara ashirin, ya danƙa masa abin da ke hannunsa. Saurayin ya cusa cikin riga, ƙirji ya yi tudu. Ya shafa, ya sunkuya ya shinshina, ya waiwayo yana dariya duk da wahalar da yake ciki.

"Baba, jaridar garinku da nauyi take!"

Hazo ya haɗiye shi.

Inna Odile ta ɗora hannu a ka. "Firmin! Cukuna! Na wata shida fa! Abincinmu ka ba shi!"

Dutsen nan kaf ya fashe da dariya. Gaston har da zama a kwalta yana riƙe ciki, 'yan Basque suka kewaye tsohon suna tafi suna kiran sunan da ba su ma iya faɗa daidai ba. Shi kuwa yana tsaye a tsakiyar hanya, hawaye na bin gemunsa, sai nuna gangara yake.

"Kun gani? Ya karɓa. Odile, kin gani da idonki? Daga hannuna ya karɓa!"

"Na gani, mahaukacin tsoho, na gani," ta ce, ita ma tana share ido da hular da ta cafe.

Muka zaunar da shi a kan dutse, don gwiwar ta dawo da fushinta. Na ɓallo burodi na miƙa masa, gaya babu mahaɗi. Ya ture hannuna a hankali, idonsa na kan hanyar.

"Bar shi, 'yar nan," ya ce. "A ƙoshe nake."