Malamin da ya sha ruwa da moɗata

Shekara da shekaru ana gaya mini wai Malam Ɗanjuma ya yi kwana bakwai yana wanke bakinsa da toka saboda ni. Ban yarda ba. Mutanen Kuje, in zance bai yi gishiri ba sai sun ƙara masa.

Da safiyar nan jikarsa ta kira ni. Malam ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya koyar da mu a aji uku, tun zamanin da in ka ce Abuja, Suleja kake nufi. Ni kuwa ina da farfaɗiya, kowa kuma ya yarda a yawu ake ɗaukar ta. In na faɗi, 'yan aji su watse ta ƙofa da taga. In na farfaɗo, Malam kaɗai zan gani, ya kwantar da ni ta gefe, hularsa ƙarƙashin kaina.

Sai iyaye suka taru wajen hedimasta: ko a cire ni, ko su kwashe 'ya'yansu. Babana har ya saduda, ya ce ai gona ba ta korar kowa.

Randa ɗaya ce a makarantar, amma moɗata daban take, an ɗaura mata jan zare. Malam ya kira ni gaban mutanen, ya ɗebo ruwa da ita, ya ce, "Sha, Audu." Na sha. Ya karɓa, ya juyo daidai inda bakina ya taɓa, ya shanye.

"Ku ba ni wata guda. In na faɗi, ku kore mu tare."

Wani tsoho kullum sai ya leƙo ta taga ya ga ko Malam ya faɗi. Da ya gaji, ya daina zuwa.

Ba a cire ni ba. Malam ya koya wa 'yan bencina yadda za su juya ni. Darasin da ya wuce ni, ya maimaita mini lokacin tara. Shi ya matsa wa Baba har aka kai ni asibiti. Ni ma alli na riƙe har na yi ritaya.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya shayar da shi daga Alkausara. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Maganar toka kuwa, bara na kai masa lemo daga Zuba, na tambaye shi. Ya yi dariya har da tari.

"Bakwai? Goma ne, har da sabulu! A kwaleji an ce mana ba a ɗauka. Kaina ya yarda, cikina ya ƙi."

"To, Malam, me ya sa ka sha?"

"In ban sha ba, wa zai sha?"

Yanzu na yarda. Wanda ya gaya mini na ƙarshe, mai bakin ne da kansa.