Gurbin Mai Riƙo

Ƙarar ba ta fi ta ɗan tsako ba. Ƙit, ƙit, daga cikin wata leda a kan firij, ina tsaka da tankaɗen garin masara. Maigidana ne ya dawo daga Kano da agogunan hannu guda uku, irin masu ƙirga takun mutum, ya ce yara sun cika zama gaban talabijin, gara a san wadda ke motsa jiki.

'Yan mata uku ne a gidanmu na Dogo Nini. Babbar shekararta goma sha ɗaya, auta bakwai. Ta tsakiya, mai tara, 'yar yayata ce. Tana wata goma uwarta ta rasu, na goya ta, da bakina ta koyi magana. Dangi kowa ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa mata. Umma take ce min kamar sauran.

Bayan la'asar muka zauna a tabarma don haɗa agogunan da wayata. Manhajar ta ƙi karɓarsu: wanda bai kai shekara sha uku ba ba ya buɗe nasa shafin, sai dai babba ya sa shi a ƙarƙashinsa. Na sa babbar, na sa auta. Kowacce aka tambayi ranar haihuwa, sannan alaƙarka da yaron, uwa ko uba ko mai riƙo, da ɗan akwati da za ka danna cewa gaskiya ka faɗa.

Da na zo kan ta tsakiya, ta ɗora haɓarta a kafaɗata tana ƙamshin man kwakwa. Yatsana ya tsaya. A wannan makon ne malamarmu ta Islamiyya ta ja mana kunne a kan ƙaryar cike takarda, ta ce ko ba mai gani, alƙalami na rubutawa. Na tuna da wannan. Ban tuna cewa yarinyar aji huɗu ce ke kallon wayar ba. Na danna mai riƙo.

Babbar ta fi kowa Turanci a gidan, ita ta karanta da ƙarfi.

"Umma, kin yi kuskure. Mu kin sa uwa, ita kin sa mai riƙo."

Da na ce hannuna ne ya zame, da an wuce wurin. Sai ubansu, yana ɓare gyaɗa, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ba kuskure ba ne. Gaskiya uwarku ta rubuta. Dama wata rana sai an sani."

Haɓar ta bar kafaɗata. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo hannu na ɗaura mata agogon, sai da na kai ramin ƙarshe kafin ya kama tsintsiyar hannunta.

Yara ba su da tausayi idan suka sami sabuwar kalma. Kafin kwana biyu auta, wadda ba ta ma san ma'anarta ba, tana cewa, "'Yar riƙo, miƙo min buta." Na mare ta, abin da ban taɓa yi ba, amma sunan ya riga ya fita har ƙofar gida. Babbar kuwa ta raba musu katifa da zare.

Kullum bayan magariba ubansu yakan karɓi wayata ya karanta takun kowa. Nawa biyu ba sa wuce dubu huɗu. Ita sai dubu goma sha biyu, wata rana sha huɗu. Ya yi dariya ya ce, "Wannan tafiya kamar mai neman gidansu." 'Yan'uwanta suka taya shi. Ni ina gefe ina jan carbi.

Wata tsohuwar maƙwabciyar yayata ce ta aiko min daga Dogo Tebo, unguwar da yayata ta zauna. Ashe idan an tashi makaranta yarinyar ba ta hawa keke napep da sauran, sai ta ce musu za ta biya gidan ƙawarta. A ƙafa take zuwa can, tana bin gida gida tana tambayar wanda ya san wata mata da ta rasu ta bar jaririya. Har yau ban san bakin da ya tsegunta mata wannan ba. Tsohuwar ta gane ta ta goshi. Ta ce abu ɗaya kawai yarinyar ta tambaye ta, ko uwarta doguwa ce.

Duk wannan takun a wayata yake shiga, ina ganin lambar tana hawa kullum, ban tambayi inda ƙafar ke zuwa ba.

Ranar Asabar da hantsi na same ta a bayan ɗaki tana wanke safarta. Dugaduganta sun tsattsage. Na tsuguna, na nuna mata wayar, na ce na bincika, ana iya goge shafin a sake sabo. Na ce yanzun nan a gabanta zan sa uwa, in Allah zai kama ni ya kama ni, ni na goya ta, ni ce uwarta.

Ta dubi wayar, ta dube ni. Ta matse safar ta shanya a bakin bokiti, cikin ladabin da ni na koya mata, ta ce:

"A'a, Anti, ki bar shi haka. Kada ki yi ƙarya saboda ni."