Katifar da Inna Ta Makara a Kanta

Shekarar da matata take da cikin tagwayenmu, muna zaune a wani gidan haya a Bagudo, ɗaki biyu da rufin kwano, ba nisa da fadama. Ni malamin gona ne a lokacin. Cikin fari ne, kuma bisa al'ada gidansu ya kamata ta tafi ta haihu, can wata ruga bayan Bahindi. Amma da aka duba a asibiti aka ga biyu ne, ungozoma ta ce kada mu kuskura ta yi nisa da gari. Tun da 'ya ba za ta je wurin uwa ba, sai uwa ta zo wurin 'ya. An sha aike kafin Inna, surukata, ta yarda ta bar shanunta da ƙwaryar nononta ta zo ta zauna a gidan suruki.

Ni mutum ne mai son a ce ya yi. Ba na musun wannan hali, matata ma ta gaji ta daina yi mini wa'azi a kansa. Da na ji Inna ta amsa za ta zo, sai na ce yau za a san 'yarta ba gidan banza ta shiga ba. Na je shagon katifu na ce a ba ni wadda ta fi kowace kauri. Aka jawo mini wata katifar soso, tudunta ya kusa kai gwiwata, da zanen furanni, tana sheƙi a cikin ledarta. Na ɗora ta a bayan a-kori-kura, na sa direba ya bi ta bakin kasuwa, alhali ba hanyar gidana ba ce. Muka shimfiɗa ta a kan siminti a ɗaki na biyu, matata ta rufa mata zanen gado, na tsaya ina kallo ina jin daɗin kaina.

Ƙarshen bazara ne, an yi ruwa sau biyu ya ɗauke. Wanda bai zauna kusa da kogin Kwara a irin wannan lokaci ba, bai san zafinmu ba. Na wasu garuruwa busar da mutum yake yi, namu jiƙa shi yake yi. Ka yi wanka, kafin ka gama ɗaura zariyar wando ka sake jiƙewa, iska kuma ta tsaya cak. Duk wannan na sani, amma a shagon nan ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Tun ranar da Inna ta sauka, ɗakin ya zama haramun gare ni. Bafulatana ce ta gaske. Ba ta cin abinci in ina gida, ba ta kallon fuskata, ba ta kiran sunan matata saboda 'yar fari ce. Kullum in na dawo daga masallaci da asuba, na tarar ta riga ta share tsakar gida ta koma ciki. Sai in durƙusa a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu.

"Inna, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Malam."

"Ya baƙunta?"

"Mun gode Allah."

Iyakar hirarmu ke nan. Ni kuwa abin da nake son ji bai fito ba, sai na matsa wa matata ta tambayo mini ya katifa. Ta dawo ta ce Inna ta ce Allah ya yi albarka, ba ta taɓa ganin irinta ba. Ranar har ofis na kai labarin.

A kwana na shida matata ta tare ni da jajayen idanu. Ƙafafunta sun kumbura, ko tsintsiya ba ta iya sunkuyawa ta ɗauka. Ta ce Inna za ta koma gida ranar kasuwa, wai ta bar akuya tana gab da haihuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce akuya? Ga 'yarta da ciki har wuya, ga ɗaki, ga katifar da ko shugaban ofishinmu ba shi da irinta, amma akuya ce ta fi? Na faɗi maganganu da yawa a ranar, na gode Allah da ban ɗaga murya ba. Matata kuka kawai take yi. Tsoro take ji, ba ta son naƙuda ta same ta babu uwarta a kusa, ni ma kuma da fushin ya sauka tsoron ne ya rage mini.

Washegari da azahar Inna ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Matata ta kama hannuna ta ja ni zuwa ɗakin.

"Malam, zo ka gani. Jiya nig ga bayan Inna tana sauya zane, duk ya heso da ƙurajen zahi."

Na shiga ina waiwaye. Ta yaye zanen gadon, sai ga leda tana nan yadda aka kawo ta, ko ƙwarzane babu. Ni da matata mun bar ta ne don Inna ta ga sabuwa ce fil, muna zaton za ta cire. Ita kuwa Inna, ina za ta sa hannu ta yage kayan suruki? Kuma ba za ta sauka ta kwanta a tabarma ba, kada a ce ta raina kyauta. Kwana shida baiwar Allah tana hawa wannan abu don kare mini mutunci. Na ce bari in ɗana. Na kwanta, soso ya lotsa ya rungume ni, leda tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashina. Ban yi minti biyar ba na tashi, rigata ta manne a bayana, ga shatin jikina na gumi a kan leda. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na kai hannu zan yage ledar, matata ta riƙe ni ta ce in na yage, Inna za ta san mun shiga mun gani.

Direban ofishinmu ne ya ba ni labarin wani tsoho mai ɗinkin katifa a Lolo, can bakin iyaka. Saura kwana biyu ranar kasuwa, don haka da sassafe na hau babur. Na same shi a wata rumfa, mutumin tsallake ne daga ƙasar Benin, yana zaune cikin buhunan audugar rimi da basilla a hannu, gemunsa duk auduga. Na gaishe shi na ce ina son katifa mai sanyi, babba.

Bai ɗago ba ya ce, "Wa za shi kwana bisanta?"

"Surukata ta, Baba."

"Gidanta bisa mi taka kwana?"

Nan na tsaya. Shekara biyu ina auren 'yarta, ban sani ba. Sai da na kira matata a waya, ta ce gadon kara ne da tabarma biyu. Da na faɗa masa, na kuma ba shi labarin katifar soso da ledarta, ya ajiye basilla ya yi dariya har da tari.

"Malam, ka ɗauko mutum daga bisa iska ka sa shi cikin leda. Ko ka hidda ledar, soso ba shi shan iska. Zahin jikinka shika tarawa shi maido maka."

Ya jawo wata daga bayansa. Farin yadin auduga ne, an cusa audugar rimi an bi ta da ɗinki gida-gida don kada ta taru wuri ɗaya. Kaurinta bai wuce yatsa huɗu ba. Ya ce kada in shimfiɗa ta a siminti, in ɗora ta a gadon gwangwala, don iska ta riƙa wucewa ta ƙasa. Duk mako a fitar da ita rana a bubbuge ta da sanda, a juya ta, kuma kada ruwa ya taɓa ta. Ni dai kaurin ne ya tsaya mini a rai. Na nuna wata mai tudu da ke jingine na ce waccan nake so.

"Waccan ta amare ta, don ado. Ba ni sai maka ita."

"Baba, wagga ta yi ƙanƙanta. Mutane su ce mi?"

"Mutanen ga, su za su kwana bisanta?"

Ya ce shi ba a sayen katifarsa da ido. Ya shimfiɗa ta a kan wani gadon gwangwala a gefen rumfa, ya ce in cire takalmi in kwanta har ya gama layin ɗinkin da ke hannunsa. Rana tsaka, kasuwa cike, ni malamin gona da hulata, na miƙe a gaban jama'a. Na yi niyyar in ɗan jima in tashi. Katifar ba ta lotsa ba, ba ta kuma yi tauri ba, na ji bayana a bushe, wata 'yar iska tana shigowa ta ƙasa. Abin da na sani ke nan. Da na buɗe ido, tsoho ya gama layi uku, masu rumfunan kusa suna yi mini sannu da tashi. Na sayi katifa da gadon, na ba wata mota ta kawo su, na biyo ta a baya ina dariya ni kaɗai.

A gida sabuwar matsala ta taso. Matata ta ce in muka ce mun sayo wata, mun nuna mun gane Inna ba ta ji daɗin ta farko ba, kunya za ta kore ta tun kafin ranar kasuwa. Sannan ta ce hanya ɗaya ce. Inna ba ta iya karɓar gyara, amma ba ta iya hana alfarma. Za ta je ta ce mata bayan Malam yana ciwo, an ce sai ya kwanta a katifar soso, ko za ta yi haƙuri ta ba shi aron tata, ta lallaɓa da wannan 'yar ƙaramar.

Wato ni, da na zaga da katifa ta bakin kasuwa, ni ne zan zama surukin da ya yi kyauta ya karɓe. Na daure na ce ta je. Ina daga waje na ji amsar Inna, kuma ban taɓa jin ta yi magana da sauri haka ba.

"Ku ɗauka, ku ɗauka. Allah shi ba shi lahiya."

Inna ta zaga bayan ɗaki don in samu shiga. Na kafa gadon gwangwala kusa da taga, na kinkimi ƙatuwar a kai na fito da ita. Katangarmu gajeriya ce. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, har wani maƙwabci ya tambaye ni a masallaci ko kyautar ta ƙare wa'adi ne.

Da asuba na dawo na tarar tsakar gida ba a share ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Na je da sauri na taso matata. Ta ɗaga labule ta leƙa, ta daɗe, sannan ta juyo da hannu a baki, kafaɗunta suna rawa. Na kasa kunne, sai na ji minshari, siriri, a natse. Muka zauna a kan turmi da kujera muna dariya ba sauti, hawaye yana zubo wa matata. Na kori kaji waje, na ɗauki tsintsiya na yi sharar da kaina a hankali. Sai da rana ta hau katanga Inna ta fito da buta, kanta a ƙasa, tana salati. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba wanda ya sake jin zancen akuya. Daga baya matata ta gaya mini Inna ta sayar da awakinta tun bara.

Ni kuwa na shiga uku. Dole in kwana a kan soso tun da na ce magani ne, dole kuma in riƙa dafa ƙugu in na ratsa tsakar gida. Bayan haka Inna ta sa aka samo mata sassaƙen maɗaci ta jiƙa. Kullum in na durƙusa gaisuwa, sai hannu ya fito ta ƙarƙashin labule da ƙoƙo cike, ta ce na baya ne. Ba a mayar wa suruka ƙoƙo da saura. Haka na yi ta sha ina runtse ido, matata tana leƙe daga madafa tana cizon mayafi.

Tagwaye suka zo cikin damina sosai, mace da namiji, Inna tana riƙe da hannun 'yarta. Ta yi mata wankan jego, ta yi kunun kanwa, ta zauna har aka yi arba'in ta ƙara mako biyu. Duk Juma'a da kanta take fitar da katifarta rana ta bubbuge.

Ranar tafiya na naɗe katifar na ɗaure ta a saman mota tare da gadon, ba tare da na tambayi kowa ba. Inna tana kallo. Ta shiga ta zauna, na durƙusa a gefen mota ina yi mata Allah ya kiyaye hanya. Fuskarta tana kallon ɗaya gefen ta ce, "Malam, baya ya yi sauƙi?"

"Ya yi sauƙi, Inna."

"Ai na sani. Mai ciwon baya ba shi ɗaukar ƙatuwar katihwa bisa kai shi kaɗai."

Na rasa inda zan sa kaina. Da ƙyar na ce, "To Inna, maɗacin hwa?"

"Ka yi ma tsohuwa ƙarya, ai sai ka sha ɗaci kaɗan."

Ta ja mayafi ta rufe baki, na ga kafaɗunta suna rawa irin na 'yarta. Sannan ta juyo, karo na farko tun da na auri 'yarta, ta dube ni ido da ido.

"Allah shi ba ka masu jin ƙanka yadda kaj ji nawa."

Na ce amin. Mota ta tashi, na tsaya a bakin hanya ina kallon 'yar katifar nan mai yatsa huɗu tana lilo a sama har suka sha kwana.