Jirgin da Kawu Ya Daidaita

Jiya wani ya tambaye ni abin da ya karkatar da hoton bangon shagona, sai na tuna marigayi Kawu.

Sana'ata faɗaɗa hotuna ce a Gummi. Don jan masu saye, na buga ƙaton hoton jirgin tsere yana shan kwana a gicciye. Kawu ba ya ƙaunar ganin abu a karkace. Ya shigo yana tauna goro, ya murɗa firam ɗin har jirgin ya daidaita.

Na ce, "Kawu, ai yanzu ƙasa ce ta karkace!"

Ya ce, "Ƙasa ta iya da kanta. Ɗan mutane na cikin jirgin ga, so kake shi zubo?"

Ban sake taɓa firam ɗin ba. Allah Ya daidaita masa makwanci.